Hauyar Tsaye a Gonar Mushe

Duk faɗin Arewa, daga Matankari har Dumega, ban san mahalukin da ya taɓa tsayawa shi kaɗai ya kori mulkin Nasara daga fili da rana tsaka ba, sai ni. Wata Litinin ce da hantsi, ana cikin noman fari, a damina ta biyu da kama ni lakwal, wato makarantar boko, shekarun nan da Turawa ke can suna yaƙinsu mu kuma ana kwashe mana hatsi da bisashe. Na shigo farfajiyar lakwal ɗin Dogon Dutsi da hauya a kafaɗa, doguwar da ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ina taku ɗaya-ɗaya, ƙirji a gaba, kai a sama. Yara suka dare. Awakin da ke kiwo a gindin danga suka daina tauna. Har dutsen garin sai da ya ɗan leƙo ya ga wane ne. To, in za a bi diddigi, filin da nake faɗa gonar gyaɗa ce ta bayan aji, mulkin Nasaran kuma wani siririn malami ne baƙar fata kamata, mai yawan tari, wanda ko hanyar Faransa bai sani ba. Ni kuwa ban wuce shekara goma ba, da ɗan bantena da ƙafafu kamar sillen kara. Amma waɗannan ƙananan bayanai ne, mai son labari ba ya tsayawa a kansu.

Kafin a gane abin da ya kai ni ga wannan ɗanyen aiki, sai an san inda na fito. Ƙauyenmu yana arewa da Matankari, a kan jigawa mai rairayi, kuma tun da na yi wayo ban tuna ranar da na zauna wuri ɗaya ba sai in ana aske mini kai. Da safe mu kora awaki, mu yanko wa jaki haki, mu bi kurege har raminsa, mu hau fako mu gangaro a guje muna ihu. Da yamma langa da kokowa a ƙofar gida, har sai an zo an janye mu da kunne. Bakina ma ba ya hutawa. Innata takan ce ko barci nake ina gardama da wani. Idan na ɓata rai na sunkuyar da kai, babana, mutum mai tsawo da ƙarancin magana, sai ya sa yatsa ƙarƙashin haɓata ya ce, “Ɗaga kanka, ba ka zubda komi ƙasa ba.” Iyakar lallashinsa ke nan, kuma yana aiki.

A wajenmu noma a tsaye ake yin sa. Hauyarmu ba irin gajeriyar nan ba ce da mutanen kudu ke duƙawa da ita. Ƙotarta doguwa ce, ta wuce tsawon namiji, ruwanta kuma mai fukafukai biyu kamar jinjirin wata, da ɗan mariƙi a ƙarshen ƙotar. Tura ta ake yi a gaba, ta nutse ƙarƙashin rairayi ta yanke haki daga saiwa, ka jawo, ka taka, ka sake turawa. Bayanka a miƙe, idonka a kan duniya. Kana ganin hadari tun yana haɗuwa, kana ganin mai kawo fura tun daga bakin gari, kana tsokanar na kusa da kai yana ramawa. Ranar gayya kuwa, maza su jeru kafaɗa da kafaɗa, mai ganga a bayansu, hauyoyi su tafi tare su dawo tare, sai ka rantse rawa ce aka shirya, hatsi kawai ya ci albarkaci. Na ga mutumin da aka yi wa rasuwa ya shiga layin gayya fuska a murtuƙe, kafin a kai ƙarshen gona yana amsa waƙa. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Na zaci haka kowa yake rayuwa.

Sai ga wani gardi, dogarin Nasara, ya zo da jar hula da ɗan saƙon hakimi, wai kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, yana son yara a lakwal. Mai garinmu ya ɓoye nasa 'ya'yan a rumbu, ya duba ya ga wa ya taɓa yi masa gardama a kan iyakar gona, sai ya tuna da babana. Haka aka kama ni. Mata suka yi ta kuka kamar an fita da gawa, ni kuwa ina murna zan ga birni. Aka sauke ni gidan ƙanwar babana, Gwaggo Kuluwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a Dogon Dutsi da ɗaki biyu, da turmi, da 'yar gona a bakin gari. Washegari aka kai ni gaban malami. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal. Daga can bakin teku aka turo shi, yana sa farin wando da hular kwano, Hausarsa kuma in ya yi ta sai ka tausaya wa Hausar.

Abin da aka fara koya mana ba karatu ba ne, zama ne. A jera mu a benci, a ce mu harɗe hannuwa a ƙirji, mu haɗe gwiwoyi, kada wanda ya motsa. Ƙuda ya sauka a hancinka ya yi alwala ya yi salla ya tashi, ba ka da ikon korar sa. Wanda ya motsa, ya durƙusa a kan tsakuwa fuskarsa ga bango. In kumandan zai wuce a kan doki, mu fito bakin hanya mu tsaya, kai a ƙasa, har ƙurarsa ta lafa. Da damina kuma ba a sallamar mu gida, saboda lakwal tana da gona, kuma kumandan ya ce gyaɗa yake so, mai yawa, a layi. Da igiya aka shuka ta, tsiro kusa da tsiro, aka raba mana gajerun fartanyoyi masu ƙota kamar ludayi. Mu duƙa tun hantsi, hancinmu a ƙasa, gindinmu a sama, Mushe yana bin mu a baya da tsumagiya. Ba waƙa, ba magana. Abin da kawai kake gani shi ne yatsun ƙafarka da dugadugan na gabanka. Ni na haddace dugadugan abokina Arzika, ɗan garin Ɗan Kassari da muke benci ɗaya, har yau in an jera dugadugai dubu zan fitar da nasa.

Daminar farko ban jure ba. Wata safiya na ajiye fartanya kamar zan zaga bayan danga, na ɗiba a guje. Gudun da na yi ranar, inuwata sai da la'asar ta iso gida. Innata ta rungume ni, ta dama mini fura, na kwana biyu ina ba yara labarin birni. A na uku gardi ya zo. Ni ya ɗora ni a bayan doki ya mayar, babana kuma ya sa shi a gaba da igiya, aka kai shi aikin hanyar Doso, ɗaukar marmara a kwando. Ana tsakiyar noma ne. Kafin a sako shi haki ya cinye rabin gonarmu, shekarar a kan bashin hatsin dangi muka kai kaka. Da ya biyo ta Dogon Dutsi a hanyarsa ta komawa gida, na ga gammo ya cinye masa gashin tsakiyar kai, kafaɗunsa kuma sun sauko. Bai dake ni ba, da ma ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, “In ka sake gudu, sun ce Yamai za su kai ni. Can ba a komowa da wuri.” Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Daga ranar na daina gudu, na kuma daina komai. Na zauna yadda ake so, na harɗe hannu yadda ake so, na duƙa yadda ake so, har jikina ya saba, ko an tashi lakwal haka nake tafiya gida, kai a ƙasa, kafaɗu a naɗe, ina jan ƙafa. Magana ta ƙafe mini. Tuwo ya daina shiga. Yara na langa a ƙofar gida ina jingine da bango ina kallon tururuwa. Kuma abin haushi, ba wani tunani nake yi ba. Wani nauyi ne kawai ya zauna mini tsakanin wuya da ƙirji, kamar an ɗora mini dutsen niƙa an manta. Rani ya wuce haka, damina ta biyu ta kama, aka sake shuka gyaɗa, ni kuma na san a raina cewa in na sake shiga gonar nan a duƙe, ɗayan biyu ne: ko a ɗauke ni a kwance, ko ƙafafuna su gudu ba da shawarata ba. Na biyun kuwa Yamai ne ga babana.

Maƙwabta suka ce iska ce. Wata ta ce doguwar dutse ce ta shafe ni, don an gan ni ina wucewa ta gindinsa da tsakar rana. Aka yi mini turare har na koma ƙamshin kasuwa, wani malami ya ba ni rubutu na sha, wata 'yar bori ta zo ta zagaya ni tana shinshina, ta ce ita dai ba ta ji baƙo a jikina ba, amma a ba ta kaza don wahalar zuwa. Gwaggo Kuluwa tana kallon su duka. Mace ce gajera mai faɗi, mai murya kamar ta maza, wadda ke daka tana zagin turmi. Da suka watse sai ta ce da maƙwabciyarta, ina ji, “Wanga yaro ba iska gare shi ba. Naɗe shi anka yi kamar tabarma.”

Ranar Alhamis ba a zuwa lakwal. Ta tashe ni da sassafe ta ce in raka ta gona in riƙe mata gora. Da muka isa sai ta zaro hauyar marigayi mijinta daga cikin sabara inda take ɓoye ta, ta jefo mini, ta ce bayanta na ciwo, in fara mata kafin ta huta. Ta je gindin kalgo ta zauna ta juya mini baya. Na ɗauki hauyar ba don ina so ba. Ta yi mini tsawo, dole na ɗaga hannuwa sama kafin in kama mariƙin, da na ɗaga hannuwa kuwa sai ƙirjina ya buɗe, iska ta shiga wani lungu da ta daɗe ba ta shiga ba. Na tura. Ruwan hauyar ya nutse cikin rairayi mai danshi da wannan 'yar ƙara tasa, sar, haki ya kwanta. Na jawo, na taka, na sake turawa. Ba yadda za ka yi wannan aiki kai a ƙasa, ƙotar ma ba za ta bar ka ba. Sai ga ni ina kallon dutse, ina kallon gawo, ina kallon wasu Fulani can nesa suna kora shanu. Layi na farko haushi na ji, wani irin haushi mai zafi da ban san ina da shi ba, na riƙa tura hauyar kamar cikin gardi nake tura ta. Layi na biyu hawaye suka zo, na bar su suna zuba ban tsaya ba. Wajen layi na huɗu ko na biyar sai na ji wani yana zagin ƙarangiya da waƙa, yana ce mata 'yar banza mai kama bante, na duba ban ga kowa ba. Ashe ni ne.

Gwaggo ba ta juyo ba. Amma na ga kafaɗunta suna rawa. Da rana ta take na zo na shanye furar da ta kawo mana mu biyu, na tambaya ko akwai saura, na kuma ba ta labarin dugadugan Arzika tun daga farko har ƙarshe. Ta ce in rufe mata baki haka nan, ta fara nadama.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba abin da ya canja. Mushe yana nan, gardi yana nan, Yamai tana nan inda take. Ni kaɗai aka warware. Juma'a na gwada wani abu: na tafi lakwal da takun hauya, dogon taku, kafaɗu a buɗe, ina tura iska da hannu. Na isa ƙofar aji ina jin ko kumandan na gamu da shi zan tambaye shi lafiyar iyali. Aka ce a harɗe hannu, na harɗe, kafin a gama kiran suna dutsen niƙan nan ya dawo ya zauna wurinsa. Asabar na sake gwadawa, haka. Sai na gane, da ɗan hankalina na yaro, cewa baƙin cikin nan ba daga sama yake faɗo mini ba, yana da ƙofar da yake shigowa, ƙofar kuwa ita ce wuyana in ya lanƙwashe. Ran nan kuma Mushe ya sanar cewa Litinin za a fara noman gyaɗa.

Litinin da safe na biya ta gonar Gwaggo na zaro hauya daga sabara. Na gamu da ita a hanya tana dawowa daga rijiya da tulu a ka. Ta dubi hauyar, ta dube ni, ta ce ita tulu ya rufe mata ido, ba ta ga kowa ba, ta wuce. A bakin dangar lakwal Arzika ya tare ni, idanunsa kamar za su faɗo, ya ce in tuna da babana. Na ce da shi saboda babana na ɗauko ta. Ban tsaya yi masa bayani ba, don in na tsaya takun zai lalace.

Yara sun riga sun jeru a bakin gona da gajerun fartanyoyinsu. Mushe ya hango ni, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya nuna hauyar da tsumagiya ya ce in ajiye wannan sanda in ɗauki fartanya kamar kowa. Ni da shekara guda ba a ji muryata ba, na buɗe baki na ce, “Mushe, noma zan yi. Amma a tsaye.” Ban jira amsa ba na faɗa gona.

Wayyo, ina ma a ce akwai mai ɗaukar hoto. Na tura, na jawo, na taka, na ɗaga murya da waƙar ƙarangiya, na ƙara mata baitoci a kan gardi da jar hularsa. Arzika, matsoracin nan, shi ya fara buga fartanyarsa a kan ta maƙwabcinsa yana ba ni kiɗa. Kafin ka ce me, duk yaran Arewa da ke layin sun miƙe, bayansu na ƙara kamar ana karya kara, suna amshi suna buga ƙarfe. Mushe ya biyo ni yana ihu da Faransanci, amma ina zai kama ni? Ƙotar hauya na kai da komo a bayana kamar wutsiyar kada, shi kuma yana ɗaga ƙafa a hankali kada ya taka gyaɗar kumandan. Ni ko na ƙi duban ƙasa. Na sha alwashin ba zan sunkuya ba ko da sau ɗaya, idona a kan dutse, ina ji kamar ni na gina shi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiya ba, har ranar aurena, kuma matata ta san na faɗi haka. Na kai ƙarshen gona na juyo na kamo wani layin, na kai na sake juyowa, sai da numfashina ya ƙare na dogara hauya na tsaya, kamar sarkin noma yana jiran kirari.

A nan na lura kiɗa ya tsaya. Hatsi, ka gane, da tazara ake shuka shi, taku guda tsakanin gindi da gindi, hauya ta wuce ta tsakiya ba ta taɓa kowa ba. Gyaɗar Mushe kuwa a matse take kamar haƙoran masara. Duk inda na bi, haki ya kwanta, gyaɗa ta kwanta a gefensa, ganyenta kore shar yana kallon sama, sun yi sulhu a lahira. Gona ta yi fes kamar an share ta don biki. Ba wanda ya yi motsi. Sai Arzika ya matso ya ce mini a hankali, noma dai ya yi kyau, ban bar komi da rai ba.

Dukan da na sha ranar, in an raba shi ga yaran lakwal duka da kowa ya ƙoshi har ya kai wa ƙannensa. Aka durƙusar da ni a kan tsakuwa da dutse a kowane hannu. Amma ko a durƙushe wuyana a miƙe yake, waƙar kuma tana ci gaba a cikin haƙorana. Ban ji tsoro ba sai da Mushe ya tsaya a kaina ya ce a kira ubana. Na ga igiya, na ga kwando, na ga hanyar Yamai.

Sai dai ba gardi ya aika ba. Gwaggo ya sa aka kira, ita ta ba 'yan kasuwar Matankari saƙo. Bayan kwana biyu ga babana da sandarsa. Bai rusuna ba, bai cire hula ba, ya gai da Mushe kamar yadda manomi ke gai da manomi, suka tafi gonar tare ina biye da su kamar akuyar da za a yanka. Babana ya daɗe yana kallon aikina. Ya tambaya ko ni kaɗai na yi wannan duka, aka ce ni kaɗai, na ga gefen gashin bakinsa ya motsa, ya yi sauri ya shafe shi da hannu. Mushe ya yi tari, ya haɗa 'yar Hausarsa da hannu da ƙafa, ya ce in kumandan ya fito rangadi ya ga gonar nan haka, ba babana kaɗai za a ɗaure ba, har shi. Ya ce bai kai magana bariki ba, kuma ba ya so ya kai. Sa'an nan ya nuna ni da haɓa ya ce shekara guda yana zaton bebe aka ba shi, sai ran Litinin ya ji ashe da mutum a ciki. Mu yara mun sha ganin Mushe ran Lahadi yana hawan dutse shi kaɗai da sauri, yana wurga hannuwa kamar mai faɗa da ƙudan zuma, muna cewa taɓin hankali ne irin na mutanen teku. Sai da na girma aka tura ni aiki garin da ban san kowa ba na gane abin da yake kora.

Hukunci ya fito kashi biyu. Babana zai kawo irin gyaɗa daga gida ya cike duk inda na share, a layi, da igiya, da gajeriyar fartanya, kafin rangadi. Ni kuma an haramta mini taka gonar gyaɗa har abada. Akwai wata gonar hatsi ta lakwal can baya, wajen fako, wadda ba mai zuwa duba ta, aka ce in je can in yi ta noma ni kaɗai da tsinanniyar sandata, wai horo ke nan. Na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana, wannan ne kaɗai sunkuyon da na yi da son raina a lakwal. Kafin damina ta fita, yaran Arewa sun gano irin laifin da ke kai mutum gonar hatsi, suka riƙa aikata shi da gangan. Arzika har tawada ya kifar. Muka zama layi guda na masu laifi, kafaɗa da kafaɗa, muna tafe muna waƙa, Mushe yana can nesa yana yin kamar iska ba ta kawo masa sautin. A aji ina harɗe hannu kamar kowa, amma na san da an fita gona zan warware. Ban sake gudu ba. Babana bai ga Yamai ba sai da ƙafarsa, bayan shekaru, da ya zo ganin jikokinsa.

Yanzu ga ni a biro, wato ofis, a kan kujera mai taushi, da tumbi a gaba kamar na haɗiye tulun Gwaggo, Allah ya ji ƙanta. Ba mai tsumagiya a bayana, amma tun safe har yamma a duƙe nake a kan takardu, da kaina, har ana ce mini na ci gaba. Daga gida mobilet, ɗan babur ɗina, daga biro mobilet. 'Ya'yana sun iya zama shiru fiye da yadda Mushe ya taɓa mafarki, in ransu ya ɓaci sai su shige ɗaki su kwanta, ni kuma in rasa gonar da zan kai su. Ranar da manya suka ɓata mini rai a wurin aiki, nakan rufe ƙofa in ɗauki sandar share yanar gizo, in bi ɗakin daga bango zuwa bango ina turawa ina jawowa. Masinjanmu ya taɓa leƙowa ya gan ni, tun daga ranar yake gaishe ni daga nesa. Dabarar tana aiki, amma ba kamar a rairayi mai danshi ba, da dutse a gabanka da abokai a gefe. Jiki bai manta ba, fili ne ya ƙare.

Bara da kaka na je gida. Babana ya tsufa ƙwarai, yana kwance a kan tabarma a inuwar zaure, ido a lumshe, kowa ya ɗauka barci yake. Yaran gari suka kewaye ni, na gyara zama na ba su labarin nan tun daga farko, na ƙara wa hauyar tsawo, na ƙara wa Mushe tsumagiya, na nuna musu da sanda yadda na miƙe tsaye a gaban mulkin Nasara ban duƙa ba. Ina cikin taku sai tsoho ya yi gyaran murya, bai ko buɗe ido ba.

“Gaskiya ne, ya miƙe,” ya ce. “Ku tambaye shi wa ya duƙa ya maida gyaɗar mutane.”